Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gwajin Jini Kafin Aure

Zuwa ga likitoci, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da malaman jinya da ke duba jinin masu shirin aure a Kano da kewaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Allah ya saka muku da alheri a kan dararen da kuke kwana a tsaye saboda 'ya'yan wasu.

Ni malamar lissafi ce a makarantar sakandaren 'yan mata, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Jinina AS ne, wato ina ɗauke da irin sikila amma ba ni da ciwon. Ƙanena da muke ciki ɗaya sikila ne, ya rasu yana da shekara 19. Na san yadda ake dafa ruwa da ƙarfe biyun dare a gasa wa yaro ƙafa yana ihu, na san yadda ake bin dangi ɗaya bayan ɗaya ana neman wanda zai ba da jini, na san launin idon da shawara ta kama. Na fara da wannan ne don kada wani a cikinku ya ɗauka wata ce da ba ta san zafin abin ba ta zo tana yi wa gwaji zagon ƙasa. Ina goyon bayan gwajin ɗari bisa ɗari. Ƙorafina a kan jimla ɗaya ce tak da na ji daga bakin ɗayanku, kuma na tabbata ana maimaita ta kullum.

Kwanaki na raka 'yar yayata wani asibiti karɓar sakamako. Saura kwana 11 ɗaurin aure. An kai lefe, an raba kati, har an fara jere. Ma'aikacin ya dubi takardarta, ya dubi ta yaron, ya ɗauki jan biro ya ja layi, sannan ya ce da ni: "Hajiya, wannan auren ba zai yiwu ba, jininsu bai haɗu ba." Kawun angon na tsaye a gefe, mutanen da ke layi suna ji. Duka zancen bai kai minti biyu ba, ya kira na gaba.

Tun daga ranar nake juya wannan jimlar a raina. Abu biyu ne aka ɗinke a cikinta har ba a ganin zaren. Na farko, cewa su biyun AS ne, wannan aikinsa ne, na'ura ta nuna masa, ba ni da ta cewa. Na biyu, cewa auren ba zai yiwu ba, wannan babu na'urar da ta nuna masa. Ra'ayinsa ne game da abin da ya kamata mutum ya jura da abin da bai kamata ba, game da darajar soyayya idan an auna ta da wahalar jinya. Mai yiwuwa ra'ayin nasa daidai ne. Amma ya miƙo mana shi cikin farar riga, a kan takarda mai hatimi, ta yadda yarinyar ta karɓe shi kamar yadda za ta karɓi sakamakon gwajin maleriya, abin da ba a jayayya da shi.

Ga abin da yake naku, wanda kuma ba a gaya mana ba ranar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, wato sikila, kashi 50 na zama AS, kashi 25 na zama AA, wato wanda ba ya ɗauke da irin ko kaɗan. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun fahimci wannan a karkace. Suna cewa ai uku na farko lafiya za su zo, na huɗu ne matsala, don haka sai a tsaya a uku. Ba haka ba ne, kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Ni da nake koyar da wannan lissafin a aji na zauna na buga: ma'auratan da suka haifi 'ya'ya 4, yiwuwar a samu aƙalla sikila ɗaya a cikinsu ta kai kusan kashi 68. Idan 6 ne, kamar yadda gidajenmu da yawa suke, ta kai kashi 82. Kun ga wannan ya fi "ɗaya cikin huɗu" nauyi nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ce tsagwaronta. Da an zaunar da yaran nan an nuna musu wannan a takarda, da ya fi jan biro tasiri, kuma da ba a ƙwace musu komai ba.

Daga nan kuma aikin na'ura ya ƙare. Ku ɗauki bazawara mai shekara 47 da dattijon da matarsa ta rasu, dukansu AS, suna son su ƙarasa rayuwa tare. Takardarsu iri ɗaya ce da ta 'yar yayata, harafi da harafi. Shin jininsu "bai haɗu ba"? Haihuwa ma ba ta cikin lissafinsu. Ku ɗauki wasu da suka riga suka yanke cewa ɗa ɗaya ko biyu za su nema, suna da hali, suna zaune kusa da asibitin ƙwararru. Ku ɗauki wasu kuma a ƙauyen da sai an yi tafiyar awa uku a kan babur kafin a ga inda ake ƙarin jini. Sakamakon gwaji ɗaya ne a duk waɗannan, amma abin da ya dace kowannensu ya yi ba ɗaya ba ne, kuma abubuwan da suka bambanta su ba a cikin kwalbar jini suke ba.

Ba zan yi muku rashin adalci in ce iyakar a fili take kamar layin da aka ja da rula ba. Na san a cakuɗe take. Ko yadda za a faɗi adadin ma akwai zaɓi a ciki: wanda ya ce "ɗaya cikin huɗu zai zo da ciwo" da wanda ya ce "uku cikin huɗu za su zo lafiya" duk gaskiya suka faɗa, amma kowa ya tura mai sauraro wani ɓangare. Likitan da ya shekara 15 yana ganin yara masu shekara 7 da shanyewar ɓarin jiki ba zai iya magana kamar allon lissafi ba, kuma ban so ya iya. Abin da idonsa ya gani ilimi ne. Akwai kuma wanda ba ya cikin ɗakin, wato yaron da ba a haifa ba, wanda shi ne zai ɗauki ciwon a ƙashinsa alhali ba a yi shawara da shi ba. Idan ɗayanku ya ce shi yake tsaya wa, na fahimce shi sarai. Ni kaina, idan 'yata ta zo min da saurayi AS ita ma AS, zan ce mata ta haƙura, zan faɗa da hawaye, zan kawo mata labarin kawunta tun daga farko. Amma zan faɗa ne a matsayin uwa da yayar mamaci, kuma za ta san da bakin wa nake magana. Abin da nake roƙonku ke nan. Ku ba da shawara, har mai zafi ma, amma ku raba ta da sakamako. Ku ce: "Ga abin da gwaji ya nuna. Ga abin da yake nufi. Yanzu kuma in kuna son ra'ayina a matsayin wanda ya ga irin wannan da yawa, ga shi." Jimla ɗaya ce ta ƙaru, amma ta bar wa mutum ƙofar da zai ce "na ji, zan yi tunani," ya je ya yi istihara, ya zauna da iyayensa.

Kada ku ga kamar ƙaramin abu ne. Akwai wani masanin kimiyya a Amurka, Linus Pauling, wanda shi da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa matsalar sikila daga sinadarin jan jini take, binciken da ya buɗe sabon babi a ilimin likitanci. Mutumin ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ta kimiyyar sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya ta 1962. Babu wanda zai ce bai san jini ba. A 1968 wannan mutumin ya rubuta cewa ya kamata a yi wa matasa masu ɗauke da irin sikila zane a goshi, don su gane juna tun daga nesa kada su fara soyayya. Da a ce shawararsa aka bi a nan, da ni da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya muna yawo da tambari a goshi. Iliminsa na sinadarai bai yi kuskure ba ko kaɗan. Inda ya zame shi ne ya ɗauka wanda ya gano cuta shi ne kuma ya san yadda ya kamata a yi da masu ita. A farkon shekarun 1970 wasu jihohin Amurka sun wajabta gwajin a kan baƙaƙen fata, aka riƙa rikita mai AS da mai SS, wasu suka rasa aiki, wasu aka tsauwala musu kuɗin inshora, kwalejin sojan saman ƙasar ma ba ta daina ƙin ɗaukar masu AS ba sai a 1981. Duk da sunan kimiyya aka yi, alhali mai AS lafiyayye ne, har ma tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa wannan irin yana ba da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Dalilin da ya sa ya yawaita a ƙasashenmu ke nan.

Saudiyya ta bi wata hanya da ya kamata mu duba, tunda su ma suna da sikila da yawa, musamman a gabashi da kudu maso yammacin ƙasar, ga auren zumunci kamar namu. A 2004 suka wajabta gwaji kafin aure, amma suka bar hukunci a hannun masu auren bayan an yi musu bayani. A farko kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka gaya wa suna cikin haɗari sun ci gaba da aurensu, har wasu suka ce shirin bai yi amfani ba. Zuwa 2009 kusan rabinsu suna fasawa da kansu. Ba a sa wa kowa wuƙa a wuya ba, fahimta ce ta ratsa jama'a sannu a hankali.

A nan Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a watan Mayun 2024 a kan dokar da ta wajabta gwajin jinotayif (wato ko mutum AA ne, AS ko SS) da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki kafin a ɗaura aure, kuma tun kafin nan Hisbah na yi wa masu auren gata irin wannan gwajin. Na yi murna da dokar. Amma ta ɗora muku wani nauyi da ba ku saba da shi ba. Da, takardarku tsakaninku da mara lafiya ce. Yanzu takardar tana zuwa hannun waliyyi, tana zuwa gaban liman, ana buɗe ta a zaure. Kalmar da kuka rubuta a gefe ko kuka furta a kan kanta ta koma kamar hukuncin alƙali, alhali ba a yi zaman shari'a ba, babu kuma ɗaukaka ƙara. Idan al'umma na son ta haramta auren AS da AS ɗungurungum, akwai inda ake yin wannan muhawara: majalisa, zauren malamai, gidajen rediyo, tare da masu sikilar kansu a zaune a wurin. A can za ku zo ku ba da shaida, kuma muryarku za ta fi ta kowa nauyi a kan adadi da yanayin cutar. Amma ƙuri'arku a kan halacci da hani ɗaya ce kamar ta kowa. Bai kamata a yanke wannan a ɓoye ta tagar ɗakin gwaji ba, yau wannan ma'aikaci ya hana, gobe wancan ya bari, gwargwadon wanda ke bakin aiki.

Abin sha'awa, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan bambancin. A Malikiyyar da muka tashi a cikinta akwai aibobin da ake magana a kansu a babin aure: hauka, kuturta, albaras, da lalurar da ke hana kusantar juna. Wanda ya san cuta shi ake kira ya tabbatar akwai ko babu. Amma abin da tabbacin ke haifarwa zaɓi ne ga ɗaya ɓangaren, ya zauna ko ya rabu. Idan ya sani ya yarda, aure na nan. Mai duba cuta daban, mai zaɓi daban. Na san wasu malamai a yau suna kafa hujja da "ba cuta ba cutarwa" su ce a hana irin wannan auren saboda yaron da za a haifa, wasu kuma suna tsayawa a kan nasiha mai ƙarfi. Muhawara ce ta gaske, ban isa in raba ta ba. Abin da na lura kawai shi ne wani lokaci liman na cewa "likitoci sun hana," likita kuma na cewa "addini ma ya hana," kowa ya jingina da ɗan'uwansa, a ƙarshe ka rasa wanda ya ɗauki alhakin hanin.

Akwai kuma wani hukuncin da ke ɓuya a cikin adadin kansa. Idan kun ce rayuwar mai sikila gajeriya ce mai cike da azaba, a ina? A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 na yaran da aka haifa da ita suna kaiwa girma. Ba wani sihiri ba ne: gwaji tun kwanakin farko na haihuwa, maganin penisilin kullum ga ƙananan yara wanda tun 1986 aka tabbatar yana rage mummunan kamuwa da ƙwayoyin cuta, rigakafi, da maganin haidroksiyuriya. A nan Kano ma, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, an yi binciken da duniya ta yaba, wanda ya nuna ana iya duba jijiyoyin kan yaro da na'ura a gano wanda ke dab da shanyewar ɓarin jiki, a ɗora shi a kan haidroksiyuriya a rage haɗarin sosai. 'Yan'uwanku ne suka yi wannan aikin. Ashe wani kaso na azabar da kuke tsoratar da masu aure da ita ba daga jini take ba, daga kasafin kuɗi take. Ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar mata jarirai kusan 150,000 masu sikila a shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, idan ta zaɓi ta zuba ƙarfinta a kan takardar aure ta bar magani da tsada a kemis, zaɓi ta yi a kan wa ya cancanci a kashe wa kuɗi. Ba na zancen dashen ɓargo ko sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ina zancen ƙwayoyin da talaka zai iya samu in an so. Idan kuna da ra'ayi mai zafi da kuke son faɗa, ga inda ake buƙatarsa.

Sannan ku tuna masu sikila suna jinku. Ina da ɗalibai SS a kusan kowane aji da na taɓa koyarwa, wasu su ne na ɗaya. Duk ranar 19 ga Yuni da ake taron sikila ta duniya, idan mai jawabi ya ce burinsa a wayi gari babu sauran sikila, na kan saci kallon fuskokinsu. Shi cutar yake nufi, su kuma kansu suke ji. Ƙanena ya taɓa tambayar mahaifiyarmu ko da ta sani da ba ta haife shi ba. Ba ta ba shi amsa ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yayin da ake tsallakowa cikin abin da ba naku ba, naku na kanku yana nan da gyara. Kowa a garin nan ya san gidan da aka ce wa uba AA ne, sai ga yaro SS, aka fara zargin matar da abin da ba a faɗa, daga baya aka sake gwaji aka ga ɗakin gwajin farko ne ya yi kuskure. Ku kun fi ni sanin dalilai: na'ura ta tsufa, sinadari ya lalace, an musanya kwalba, ko an gwada wanda bai daɗe da karɓar jini ba. Kun san akwai AC da SC da wasu nau'o'in da gwaji mai arha ke iya tsallakewa. Ku riƙa cewa a maimaita a wani wuri kafin a rushe gida ko a gina shi. Ku bayyana wa mutane cewa rukunin jini na O da A da B daban yake da jinotayif, don har yanzu ana rikita su. Ku faɗa da babbar murya, a gaban surukai, cewa yaro ba ya zama SS sai ya karɓo daga uwa da uba duka, domin har gobe ana cewa "daga danginta ne." Wannan magana ce ta ilimi zalla, ku ne masu ita, kuma a nan ne na fi jin shirunku.

Ku kuma taimaka a matso da gwajin baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka gaya wa saura kwana 11, bayan an kashe kuɗin da aka shekara ana tarawa, ba zaɓi aka ba shi ba, an saka shi tsakanin kunya da tsoro ne. A irin wannan matsin ne ake zuwa a sayi takardar bogi. Da yarinya ta san jininta tun tana aji uku na ƙaramar sakandare, ita da iyayenta kaɗai, da tambayar za ta zo tun a zance na biyu, kafin zuciya ta yi nisa. Kuma don Allah sakamako na mai jini ne. A kira su su biyu a rufe ƙofa. Kawu da gwaggo su jira a waje, ni ma da na raka ta ya kamata a ce min in jira.

'Yar yayata ta sake gwaji a wani wuri, ya fito AS kamar na farko. Muka zauna da ita da yaron a tsakar gida bayan isha'i, na ɗauko takarda na zana musu akwatunan nan huɗu na lissafin gadon jini da nake zana wa ɗalibai, na buga musu lissafin 'ya'ya 4 da na 6, na ba su labarin ƙanena ban rage komai ba. Suka yi kwanaki suna kai da komo. Ita ce da bakinta ta ce a mayar da lefe, shi kuma ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, suka rabu ba tare da faɗa ba. Wato inda ma'aikacin nan ya so a je, can aka je.

Sai dai kawun angon ya riga ya baza abin da ya ji a bakin kanta. A unguwa yanzu cewa ake yarinyar "tana da ciwo a jini, asibiti ma sun hana ta aure." Mutum biyu sun turo tun daga lokacin, duka sun janye da suka ji wannan, ɗayansu kuwa daga baya muka ji AA ne. Shekararta 22, ko ciwon kai ba ta cika yi ba.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar lissafi, daga cikin birnin Kano.